Ranar da Barkono Ya Daina Magana

Dalilin da ya sa barkono ba ya faɗin ciwonsa, sai dai ya naɗe ganye ya yi shiru ya bar mutum yana ta dube-dube, tsohon labari ne. Ku matso kusa, yara, ku zauna. Duk wanda ya taɓa ganin barkonon bayan ɗaki ya dunƙule ganyensa kamar hannun jariri, to ya ga ƙarshen labarin nan. Farkonsa ne bai sani ba.

A can da, barkono yana magana. Ba da kowa ba, sai da wanda ya shuka shi. Kuma ba shi da muryar kansa. Tun yana ƙwaya a cikin ƙasa yake sauraron mai shi, ya ji yadda take tari, yadda take kiran kaji, yadda take waƙa ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe, har ya ɗauke muryar tsaf. In ya fito ya yi ganye, da wannan muryar zai riƙa yi mata magana. Ba shi da ido, da ƙamshi yake gane mai shi.

Amma fa ba mai surutu ba ne. In lafiyarsa ƙalau, ko uffan ba za ka ji ba. Sai in wani abu ya dame shi, da safe kafin raɓa ta bushe, zai ce, “Ƙishirwa nake ji,” ko ya ce, “Ƙafata na cikin ruwa,” ko ya ce, “Akwai baƙi a jikina.” Mai shi ta gyara, shi ke nan. A zamanin nan ganyen barkono a shimfiɗe yake kamar tafin hannun mai karɓar kyauta. Ba wanda ya taɓa ganin ya naɗe.

To a wani ƙauye da ke gefen fadama akwai wata mata ana ce mata Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Su uku ne a gidan: ita, da ɗanta Shekarau wanda ya isa riƙe gona shi kaɗai, da uwar mijinta, tsohuwa Hajjo, wadda idonta ya yi hazo har ba ta gane mutum sai ya yi magana ko ta shafa shi.

Tabawa tana da barkono guda shida a bayan madafi, cikin tsofaffin tukwanen da suka tsage. Irin na uwarta ne, uwarta kuma ta samu wajen tata uwar. Ɗan gajere ne, ƙamshinsa kan riga yajinsa isa. Kowace shekara takan ƙulle ƙwayar a tsumma ta rataye a saman murhu. Amma a shekarar nan ɓera ya shiga ƙullin, ƙwaya shida kawai ta tsinta a ƙasa. Su ne ta shuka. Ban da waɗannan tukwane shida, babu sauran irin nan a ko'ina.

Kullum da safe sai ta dama koko ta ajiye a bakin murhu, ta ɗauki ƙwaryar ruwa ta zaga baya. Daga can take ɗaga murya: “Shekarau, kokonka na hucewa!” Shi kuwa sai ya fito yana miƙa, ya ɗauki kokon ya zauna a kan turmi daga nesa yana kallon ta. Takan tsuguna, ta cusa yatsa cikin ƙasar tukunya, ta shinshina, ta juya ganye ɗaya-ɗaya tana duba bayansa.

Wata rana ya ce, “Inna, wahalar me kike sha haka? Tun da zai faɗa miki da bakinsa, ki jira mana ya faɗa.”

Ta ce, “Kai dai sha kokonka. Kafin ya buɗe baki ai ya riga ya sha wuya. Ni ba na so ya kai ga magana.”

Ya yi dariya, bai riƙe maganar ba.

Ruwa ya ɗauke, barkonon ya fara fure fari ƙanana. A lokacin ne zazzaɓi ya kama Tabawa. Kwana uku ta yi a kwance. A rana ta uku, rana tsaka ana zufa, ta dubi ɗanta ta ce, “Sanyi nake ji.” Ya lulluɓa mata zane. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki. Mutane suna zuwa suna cewa, “Shekarau, ya haƙuri?” yana cewa, “Da godiya.” Bai yi kuka ba. Kuma ko sau ɗaya bakinsa bai furta abin da ya faru ba. In dole ta kama, sai ya ce “tun ranar nan,” ko ya ce “da abin ya faru.”

To akwai al'ada a lokacin. In mai barkono ta mutu, bayan sadakar bakwai sai wani na gidan ya je ya ƙwanƙwasa kowace tukunya sau uku, ya faɗa mata gaskiya ƙarara: wance ta rasu, ni ne na gaje ku. Barkonon zai yi makokinsa kwana bakwai, ya saki tsohuwar murya, ya fara koyon ta sabon mai shi. In ba a gaya masa ba, zai yi ta jiran mai shi har ya bushe.

Ranar da aka share makoki, tsohuwa Hajjo ta kira jikanta. Da ma “mijina” take ce masa, irin wasan kaka da jika.

Ta ce, “Mijin nawa, ka je ka gaya wa barkonon uwarka?”

Ya ce, “Zan je, Kaka.”

“Zan je, zan je. Haka kakanka ya yi ta ce mini a kan gyaran danga, har ya mutu akuyar maƙwabta na cin tuwona. Tashi ka je yanzu. In suka bushe, irin Tabawa ya ƙare ke nan.”

Ya tashi ya zaga bayan madafi. Ga su nan su shida, duk sun sunkuyar da kai. Ya tsuguna, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Hannun ya tsaya a sama. Ya buɗe baki, harshensa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ya daɗe a haka, sannan ya tashi ya koma.

Hajjo ta ce, “Ka faɗa?”

Ya ce, “Na faɗa.”

Washegari da sassafe ya shiga ɗakin uwarsa neman ƙwaryar ban ruwa. Sai ya ga zanenta na aiki a rataye a kan igiya, baƙi mai ratsin fari. Ya sauke shi ya kai hanci. Hayaƙi, daddawa, man kaɗe. Inna tana nan a ciki, gaba ɗayanta. Ya yafa shi a ka, ba don wata dabara ba, don dai ya kasa ajiyewa. Ya ɗebi ruwa ya zaga baya a haka.

Yana tsugunawa, sai tukunyar farko ta ce, “Tabawa, kin daɗe. Ƙishirwa nake ji.”

Ƙwaryar ta kusa suɓuce masa. Muryar Inna ce. Har da 'yar dishewar nan ta safe kafin ta sha ruwa. Ya waiwaya, ba kowa, sai kaza tana tono. Gashin jikinsa ya miƙe, amma bai gudu ba. Ya zuba mata ruwan. Sauran biyar ɗin ma kowanne ya ce ƙishirwa, kowanne da muryarta. Ya shayar da su duka, ya toshe bakinsa da gefen zanen don kada numfashinsa ya tona shi.

Ranar har tuwo ya ci.

Washegari ya sake yafa zanen ya je. Shiru. Sun sha ruwa, lafiyarsu ƙalau, me za su ce? Rana ta biyu shiru. Rana ta uku shiru. Ya zauna a gabansu har raɓa ta bushe, har rana ta dake shi, ba wanda ya tanka. Sai ya ji kamar an sake ɗaukar Inna an fita da ita.

A nan ne, yara, Shekarau ya yi abin da bai kamata ba. Ya tuna cewa barkono ba ya magana sai yana jin ciwo.

Ya kwaɓa laka ya toshe tsagar tukunyar farko, inda ruwa ke tsiyayewa. Ya cika ta da ruwa safe da yamma. Kwana biyu sai ga murya: “Tabawa, ƙafata na cikin ruwa.” Ya rufe ido ya saurara. Ya ce a ransa gobe zai buɗe tsagar. Gobe ta yi, muryar ta ce, “Tabawa, ba ki ji ba ne?” Ya ce jibi. Ganyen ƙasa suka yi ruwan ɗorawa, suka fara zuba ɗaya-ɗaya. Na sama suka yi laushi suka rataya, alhali ƙasar jagab take. Tukunyar ta fara tsami kamar tsohuwar gasara. Ran nan da safe muryar ta fito can ƙasa-ƙasa, ta ce, “Sanyi nake ji.”

Shekarau ya zabura ya fasa lakar da hannunsa, baƙin ruwa ya kwararo. Ya ɗaga itacen, saiwar ta zame a hannunsa, ta ruɓe. Saura biyar.

Ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba. Ya ninke zanen ya tura ƙarƙashin gado. Kwana huɗu ya yi. A na biyar gidan ya yi masa shiru da yawa, bakin murhu ba koko, ba mai kiran sunansa daga bayan madafi. Ya jawo zanen.

Ta biyu ya ɗauke ta daga inuwa ya jingina ta da bangon da rana ke gasawa. “Tabawa, ina ƙonewa.” Bakin ganyenta ya soye ya yi ruwan ƙasa, in ka taɓa sai ya ruɓushe. Ta uku ya tula mata ɗanyen kashin kaji, tsinin kowane ganye ya ƙone kamar an kai masa garwashi. Ta huɗu kuwa fara da tsutsa ya kamo a fadama ya zuba mata, suka cinye ta daga gefe-gefe, tsutsa ta huda tsakiya ta bar baƙin kashinta a kai. Ta biyar bai ma yi mata komai ba, hana ta ruwa ya yi, har ƙasarta ta janye daga jikin tukunya. Kowacce yana cewa zai tsaya kafin ta mutu. Kowacce sai ya ce bari dai ya ƙara jin kalma ɗaya.

Kuma da wuya ta yi wuya, sai suka daina jiran safiya. Suka fara kira da rana tsaka, da ƙarfi, ko akwai mutane ko babu. Matan da ke bi ta bayan danga zuwa rijiya suka ji muryar Tabawa, wadda suka yi wa wanka da hannunsu, tana cewa, “Ƙishirwa nake ji.” Wata ta yar da tulunta ta ruga. Daga ranar aka daina bin hanyar. Aka fara raɗe-raɗin cewa Tabawa ba ta sami kwanciyar kabari ba.

Tsohuwa Hajjo ma tana ji daga ɗakinta. Ta daina barkwanci, ta daina cin goro. Kullum tana bakin ƙofa da carbi tana roƙa wa surukarta sauƙi.

Ran nan Shekarau zai wuce ta gabanta da zanen a ka, yana sanɗa. Sai ta ɗaga hanci. Ta miƙa hannu ta cafke gefen zanen.

Ta ce, “Tabawa? Me kika dawo nema, 'yar nan? Wa ya riƙe miki haƙƙi?”

Ta bi zanen da hannu har ta kai ga hannunsa. Ta shafa tafin, ta ji kantar fartanya. Ta daɗe tana riƙe da shi.

Ta ce, “Shekarau.” Ba ta ce mijina ba. “Ba ka gaya musu ba.”

Ya ce, “Na kasa, Kaka.”

“Nawa suka rage?”

“Ɗaya.”

Ta saki hannunsa. Ta ce, “Ni ina nan ina roƙon Allah ya sanyaya mata makwanci, gari na zaginta wai ta zama fatalwa, ashe kai ne kake sa ta kuka a bayan madafi. Matar da ko kaza ba ta bari ta kwana da ƙishirwa.” Ta juya masa baya. “Wuce. Ba ni za ka ba haƙuri ba.”

Ta shidan ita ce ƙarama, a cikin 'yar tukunyar da Tabawa ke dama masa koko yana yaro. Ita bai riga ya yi mata mugunta ba, sai dai sakaci. In ya zo ban ruwa da yamma watsa mata yake yi ta ka, ganyen ya kwana a jiƙe. Kwanan nan wasu ɗigo-ɗigo sun fito mata, bai kula ba. Kuma ita kaɗai ce ba ta ƙara cewa komai ba tun ranar farko.

Ranar saura kwana ɗaya a yi sadakar arba'in. Rana ta take tsaka, ba iska, ba inuwa, kaji sun buɗe baki a gindin rumbu. Ko kukan kurciya babu. Ya zaga baya da zanen a kansa, ya wuce tukwane biyar da busassun karare a ciki, ya tsuguna gaban ta shida.

Ɗigon nan sun girma. Kowanne ya zama da'ira, gefensa baƙi-baƙi, tsakiyarsa fari. Idanu ne. A kan kowane ganye akwai biyu, uku, wani biyar. Yana kallo suka juyo a hankali, duka, suka tsaya a kan fuskarsa.

Muryar Inna ta ce, “Kai ba Tabawa ba ne.”

Ya sunkuyar da kai, ya ƙara jan zanen.

“Na ji 'yan'uwana suna kira ɗaya bayan ɗaya. Ƙamshin nata ne, amma na ce hannun Tabawa ba zai yi haka ba. Shi ne na yi shiru na tsiro da idanu don in ga fuskarta. Ina take?”

Ya ce, “Ta... ta yi tafiya.”

“Ina?”

“Unguwa.”

“Shekarau,” in ji muryar, daidai yadda uwarsa ke faɗa in ta kama shi da ƙarya yana ƙarami, “ɗago ka dube ni ka faɗa.”

Ya ɗago. Zanen ya zame daga kansa ya faɗi ƙasa. Ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa tukunyar, ɗaya, biyu, uku. Ƙarar ta fito kamar ana buga ƙofar ɗakin da ba kowa.

Ya ce, “Inna ta rasu. Yau kwana talatin da tara. Inna ta rasu, ni ne na gaje ku.”

Yana faɗa sai abin da ya toshe masa ƙirji ya ɓalle. Ya kifa goshinsa a bakin tukunyar ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka ɗauke ta. Hajjo tana ji daga ƙofarta, ba ta hana shi ba.

Da ya lafa, barkonon ya ce, “Da ka faɗa tun farko, da mun yi mata makoki mu shida, mu koyi muryarka mu shida. Yanzu ga su can. Bakinmu ne ya jawo musu. Daga yau na rufe nawa, ni da duk mai suna barkono.”

Shekarau ya ce, “Don Allah ka bar mini ko kalma ɗaya. Ko sau ɗaya a shekara.”

“In na bar maka ɗaya, za ka nemi ta biyu, kuma ka san hanyar da kake nema. A'a. Amma ga abin da zan yi maka. Akwai ciwo a jikina wanda ba kai ka sa mini ba, ba kuma zan faɗa maka ba. In ka gano shi da idonka, zan ba ka irin Tabawa. In ba ka gano ba, in bi ta.”

Sai ganyen suka fara naɗewa. Na ƙasa ya fara, gefensa ya lanƙwaso ciki kamar yatsu. Na kusa da shi ya bi. Idanun suna rufewa a cikin naɗin ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage ganye ɗaya a can sama, sai muryar ta fito daga cikinsa, ba da kuka ba, da ƙarfinta, yadda barkonon ya saba jin ta kowace safiya:

“Shekarau, kokonka na hucewa!”

Ganyen ya dunƙule. Shi ke nan.

Aka yi sadakar arba'in, mutane suka watse. Shekarau ya koma gaban tukunyar, ba zane, da fuskarsa. Fure biyar ne a jikin barkonon. In suka zube, ba 'ya'ya, ba iri.

Ya cusa yatsa cikin ƙasar yadda ya ga Inna na yi. Da danshi daidai, ba jagab ba, ba ƙamas ba. Ya shinshina, ba tsami. To ba ruwa ba ne, wannan ya san kamanninsa, ya gani da idonsa. Ya duba bakin ganyen, bai soye ba. Ba huji, ba kashin tsutsa. Duk ciwon da ya sa wa biyar ɗin nan ya san fuskarsa, kuma babu ko ɗaya a nan. Ya tsinke ganyen masu idanu ya ƙona a murhu, ya koma zuba ruwa a gindi kawai, da safe. Idanun ba su sake fitowa ba. Amma sabon toho na fitowa a murɗe, ƙanana, a dunƙule. Fure ɗaya ya faɗi. Bayan kwana biyu wani ya faɗi. Saura uku.

Ya rasa yadda zai yi. Ya ɗauki tukunyar cak ya kai gaban kakarsa, wadda tun ranar nan ba ta yi masa doguwar magana ba.

Ya ce, “Kaka, na duba ko'ina ban gani ba.”

Ta ce, “Kai mai ido ba ka gani ba, ni makauniya ka kawo wa? Miƙo nan.”

Ta shafa ganyen a hankali, ta murza yatsunta biyu. Ta ce, “Wa ya shafa masa zuma? Ji danƙo.” Sai ta yarfe hannu. “Kai! Har da kiyashi. Ga shi nan yana hawa mini hannu. Me kiyashi ke nema a kan barkono, shi da ba ya cin yaji?”

Shekarau ya sunkuya. Ga kiyashi kuwa a jere, suna hawa karan. Ya bi su da ido. Suna hawa, suna bin reshe, sai su kai ga ganye su ɓace. Ba a kansa suke tsayawa ba, ƙarƙashi suke shiga. Sai ya ga hannun Inna a ransa, da safe, shi yana kan turmi da koko yana mata dariya, ita tana juya ganye ɗaya-ɗaya.

Ya kama ganye ya juya bayansa.

Wasu 'yan ƙwari farare, ƙanana kamar dusa, suka tashi fuu. Wasu kuma kore-kore sun manne a jikin jijiyar ganyen, cunkus, suna tsotso. Su ke fitar da danƙon, kiyashi kuma danƙon yake bi. Ya juya wani ganyen, haka. Ya juya wani, haka. Kwana da kwanaki suna nan, tsakaninsa da su kaurin ganye ɗaya.

Ya ce, “Kaka, na gan su! A baya suke!”

Ta ce, “To ka tsaya kana yi mini ihu a ka? Jiƙa sabulun salo. Ka tankaɗe toka mai sanyi.”

Ya jiƙa sabulun ya yi ruwa-ruwa, ya sami gashin kaza, ya riƙa buɗe kowane naɗi a hankali yana wanke bayansa. Ya barbaɗa toka, ya zagaye gindin tukunyar da ita don kiyashi. Bayan kwana uku ya sake, bayan uku ya ƙara. Fure ɗaya ya ƙara faɗuwa, ya tsince shi ya riƙe a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Biyun da suka rage suka riƙe.

Ran nan da safe ya ga sabon toho a can sama, ɗan mitsitsi, kore shar, a shimfiɗe. Tsofaffin ganyen kuwa ba su ƙara buɗewa ba har suka zube.

A waɗannan kwanaki mata suka yi ta sallama a gidan, kowacce da tukunyarta a ka. Barkonon garin duk ya yi shiru a lokaci guda, ba wadda ta san dalili. Shekarau bai ɓoye ba, ya faɗa musu abin da ya yi, ya wanke sunan uwarsa. Wasu suka zage shi, ya sunkuyar da kai. Sannan ya karɓi tukwanen yana dubawa. Wannan ruwa ya yi mata yawa, buɗe mata gindi. Wannan rana ce, mayar da ita inuwa. Wannan juya bayan ganyen ki gani. A garin duka ba wanda ya kai shi sanin ciwon barkono, kuma ba wanda ya so ya san shi ta hanyar da ya san shi.

'Ya'ya biyu barkonon ya yi, gajeru, suka nuna jawur. Shekarau ya kawo wa Hajjo ta shafa. Ya ce duka biyun zai shanya.

Ta ce, “Ɗaya na iri, ɗaya na miya. Haka uwarka ke yi da na fari. Hura wuta.”

Ya kaɗa miyar kuka da kansa, duk gudaji. Amma da ya jefa barkonon, ƙamshin ya tashi ya cika gidan, har tsohuwar ta ajiye carbinta. Suka zauna suna ci a akushi ɗaya. Hawaye na bin kuncinta, na bin nasa.

Ta ja hanci ta ce, “Barkonon nan da yaji yake, mijina.”

Ya ce, “Da yaji, Kaka.”

“Miyar kuwa, in haka za ka riƙa yi mini, gara ka sake ni.”

Ɗayan ya shanya shi ya bushe, ya fasa, ya sami ƙwaya goma sha tara. Ya yagi gefen zanen Inna ya ƙulle su a ciki, ya rataye a saman murhu, can inda ɓera ba ya kaiwa. Sauran zanen ya wanke ya ba kakarsa.

Shi ya sa har yau barkono ba ya magana, ko ka shuka shi da hannunka, ko ka kwana kana roƙonsa. In ruwa ya yi masa yawa sai ya yi ruwan ɗorawa daga ƙasa. In kana jiƙa masa ganye da yamma, sai ya buɗe idanun nan ya dube ka, ya ga ko wane ne. In kuwa baƙi sun shige masa, sai ya dunƙule ganye ya yi gum, sai ka tsuguna ka juya bayansa da kanka. Wasu sun ce muryar Tabawa na nan a cikin naɗin, wai in ka kara kunne da safe kafin raɓa ta bushe za ka ji. Kada ku ɓata lokacinku, an gwada, ba a jin komai.

Ku dai in kuna da mai kiran ku daga bayan madafi tana cewa koko na hucewa, ku tashi ku je tun da zafinsa.